WAKEN DA AKA ƘONA DA MAGANI BAI NUNA BA, KASHE SHI AKA YI

Jama'a yau sai kun yi haƙuri da ni, rubutun zai yi tsawo. Wanda yake kan hanya ya ajiye ya dawo daga baya. Amma duk mai gona, ko mai ɗan'uwa manomi, kai, duk wanda ake dafa wake a gidansa, don Allah ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ranar Asabar da ta wuce na je gida gaida su Baffa. Da la'asar muka zaga gona ni da ƙanena, ɗan Baffan. Gonarsa ta wake tana maƙwabtaka da ta wani dattijo, iri ɗaya suka shuka, sati ɗaya, kunya ɗaya ce ta raba su. Ta dattijon kore shar, wasu kwanson sun bushe, wasu ɗanyu, har da sauran fure a can sama. Ta ƙanena kuwa ja wur, kamar wuta ta bi ta kai. Na ce masa kai lafiya, cuta ce ta kama ta? Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya ai kai kana birni an bar ka a baya. Feshi na yi mata shekaranjiya. Jibi zan sa yara su kwashe ta gaba ɗaya, babu wani roro sau uku."

Na ce feshin me? Ya shiga bukka ya ɗauko min wata gorar lemo, an ɗura mata wani ruwa mai duhu, babu takarda babu suna. Wai mai shago ne ya auna masa daga babbar jarka. Maganin ciyawa ne, irin wanda ake ƙona gona da shi kafin shuka. Shi aka watsa wa abincin da za mu ci. Yaron da ya yi feshin ma na gan shi, bai wuce shekara sha biyar ba, silifas ne a ƙafarsa, babu safar hannu, babu abin rufe hanci, tankin yana yoyo a bayansa har rigarsa ta canja launi.

Wallahi tun daga ranar abin yake cina. Abin da ya ƙara tunzura ni na yi wannan rubutu kuwa, da na dawo na tarar ana ta yaɗa wani bidiyo a nan Facebook, wani Bature a Ingila yana feshe gonar alkama, bayan kwanaki injin girbi ya shiga ya share ta. A ƙasa an rubuta wai wannan shi ne noman zamani, mu muna nan muna jiran rana. Mutane masu digiri, abokaina wasunsu, suna ta tafi a kwament. To ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Na farko, mu fahimci abin da maganin yake yi. Ba ya nunar da amfani. Babu wani sinadari a cikin jarkar nan da yake cika ƙwaya. Ganye ne yake dafa wa tsiro abinci da hasken rana, ya tura cikin ƙwaya har ta ƙosa. Ranar da ka ƙona ganyen, ranar ka rufe kicin. Duk kwanson da ya riga ya ƙosa zai bushe lafiya, wanda bai ƙosa ba kuwa a yadda yake zai tsaya, ya yanƙwane, ya zama ƙwaya mara nauyi mai tamoji. Ido zai ga gona ta bushe, sikeli ne zai faɗi gaskiya.

Kuma wake ba alkama ba ne. Yawancin waken da muke shukawa, musamman mai yaɗo, ba rana ɗaya yake fure ba. Yana zuba na farko, yana ɗaukar na biyu, na uku yana fure. Shi ya sa iyayenmu suke roro sau biyu, sau uku. Ba don ba su da wayo ba ne, tsarin tsiron ke nan. Idan ka ƙona shi a lokacin zubin farko, na biyu ya tafi rabi da rabi, na uku kuwa ka yafe shi kawai. Kuɗin ƙwadagon da ka ce ka tsira da shi, a cikin buhu aka cire shi, kai ne dai ba ka gani ba saboda ba ka taɓa auna abin da ba ka girba ba.

Na biyu, Baturen da ake ta nuna mana, me ya sa yake yi? Ingila ƙasa ce mai ruwa da sanyi. Lokacin girbinsu, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa yana iya sauka kowace rana, rana ba ta da ƙarfi, ciyawa tana nan kore a cikin alkama. Injin girbinsu mai yanka da sussuka lokaci guda ne, ɗanyen kara yana shaƙe shi, kuma idan hatsi ya fito da laima sai an kai shi na'urar busarwa an ƙona mai. Wannan matsalar ce ta sa suka ƙirƙiro dabarar. Duk da haka ba da ka suke yi ba. Suna da na'urar auna laimar ƙwaya, kuma ƙa'idarsu ita ce ba a feshin sai laimar ta sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100, wato sai ƙwayar ta gama ƙosawa. Bayan feshin sai an jira aƙalla kwana 7 kafin inji ya shiga alkama. Ba a yi wa gonar da za a cire iri daga cikinta. Mai feshin yana cikin tarakta a rufe, kuma sai da ya ci jarrabawa ya karɓi takardar shaida kafin a bar shi ya taɓa maganin.

Yanzu ku gaya min, a cikin waɗannan sharuɗɗa wanne ƙanena ya cika? Na'urar auna laima? Bai taɓa ganinta ba. Kwana bakwai? Kwana huɗu ya ba ta. Iri? Daga cikin waken nan zai ware na baɗi. Mun ɗauko feshin, mun baro ƙa'idar a can.

Sannan mu muna da abin da Bature yake biyan kuɗi ya samu bai samu ba. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, rana ta buɗe, iskar hunturu ta kaɗo, kwana nawa ne kwanson wake yake bushewa har ya riƙa fashewa da kansa? Allah Ya ba mu na'urar busarwa kyauta daga Sakkwato har Maiduguri, sai mu koma muna sayen guba don mu kwaikwayi wanda ba shi da rana. Wannan ba ci gaba ba ne, ko kuma in ci gaban ne, to na mai haƙan rijiya ne.

Abin da masu yaɗa bidiyon ba su faɗa muku ba, su Turawan ma ja da baya suke yi. Tarayyar Turai ta haramta farakwat, wato sinadarin da ke cikin irin su Gramoxone, tun 2007. Dikwat, ɗan'uwansa da suke busar da amfani da shi, sun janye masa izini a 2018. Gilaifoset, na cikin irin su Roundup, a ƙarshen 2023 sun sabunta masa izini na shekara goma, amma da sharaɗin ba za a ƙara amfani da shi don busar da amfani gab da girbi ba. Ingila ta fita daga Tarayyar, shi ya sa kuke ganin bidiyon daga can, kuma ko a can rigima ake ta yi a kai. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilaifoset a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa daji, wasu hukumomin kuma suka ce ba su yarda ba, har yau ana ja. To abin da masu ɗakunan gwaji suke jayayya a kai, shi za mu bar wa yaro mai silifas ya yanke hukunci?

A nan gida ma NAFDAC ta sanar da haramta farakwat daga 1 ga Janairun 2024. Doka ce, an faɗa a jaridu. Amma manomin ƙauye ba jarida yake karantawa ba, mai shago yake saurara, mai shago kuma so yake kayansa su ƙare.

Bari in faɗi wani abu game da farakwat, don mutane da yawa sun ɗauke shi kamar sauran magunguna. Ba shi da makari. Likitoci ba su da allurar da za su yi maka ta warware shi. Kurɓa ɗaya tana iya kashe babban mutum, kuma ba nan take ba, huhu yake bi ya lalata a hankali, mutum yana ji yana gani numfashi yana gagararsa. Yana shiga ta ciwo ko tsagar fata, yana ƙona ido, yana lalata farce. Kuma a duk duniya an san hanyar da ya fi kashe mutane bisa kuskure ita ce a juye shi a gorar lemo a ajiye, yaro ya zo ya ɗauka. Irin gorar da na gani a bukkar ƙanena ke nan, inda 'ya'yansa suke kai masa abinci.

Gilaifoset shi kuma aikinsa daban. Ba ƙona waje yake yi ba, shiga jikin tsiro yake yi ya bi ruwansa zuwa duk inda ake girma. Idan ƙwaya ba ta ƙosa ba, tana cikin wuraren da ake tura abinci, don haka shi ma can zai tafi. Wanki ba ya fitar da abin da yake cikin ƙwaya. Kuma irin da aka yi wa haka, baɗi idan ka shuka, tsirarsa ba ta kyau, wani ya fito a nakashe, wani ya ƙi fitowa sam. Sai manomi ya ce ai irin ne ya lalace, ko ƙasa ta gaji, ko an yi masa baki.

Na uku, harawa. Wannan ita ce ta fi ba ni mamaki, don manomin Arewa ya fi kowa sanin darajarta. Wani ma don harawa yake shuka wake, ƙwayar riba ce. Da ita ake kiwon ragon layya, da ita mata suke riƙe awakinsu har damina ta faɗi, a watan Afrilu da Mayu kuwa dami ɗaya kuɗi ne mai kyau. Harawa mai kyau ana cire ta da sauran korenta, a naɗe, a ɗora a kan rufi ko reshen bishiya ta bushe a hankali da ganyenta. Wadda aka ƙona da magani ganyen ya riga ya mutu, taɓa shi ka ga ya marmashe, kara kawai ya rage. Kuma da ganye da ɓawo su ne suka sha maganin kai tsaye. Na tambayi ƙanena, wannan za ka ba tumakinka? Ya yi shiru, sannan ya ce, "A'a Yaya, wannan kasuwa zan kai." Kun ji fa. Ya san bai dace da tumakinsa ba, amma ya dace da na wani. Kuma ba mugun mutum ba ne, wallahi yaron kirki ne, sallah ba ta wuce shi. Haka abin yake shigowa, a hankali, har ya zama kowa yana yi.

Yanzu na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa. Za a ce kai ma'aikacin gwamnati ne, kana zaune a ofis ƙarƙashin fanka, ƙarshen wata albashi ya shigo, me ka sani game da wahalar manomi? Na karɓa. Kuma ba zan yi kamar ban san abin da yake tura mutane ba. Kuɗin masu roro ya tashi, samarin ma sun tafi birni acaɓa ko haƙar zinare. Ɓarayin gona suna bin dare su rore wake, su karye masara. Shanu suna matsowa tun amfani yana tsaye. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja da Birnin Gwari akwai inda sai an biya 'yan bindiga kafin a shiga girbi, kowace rana da amfani ya ƙara a gona kasada ce ta rai. Ga bashin taki da wanda ya ba ka yake jira. Ga kuma farashin sabon wake da ya fi kyau ga wanda ya riga kowa kaiwa kasuwa. Duk gaskiya ne. Manomin da yake cikin irin wannan hali ba zan zage shi ba.

Amma ku lura, a cikin duk waɗannan babu wadda maganin ciyawa ya warware. Bai kori ɗan bindiga ba, bai biya bashi ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke asarar daga inda ake ganinta ya kai ta inda ba a gani: cikin nauyin buhu, cikin irin baɗi, cikin huhun yaron da ya yi feshi, cikin tukunyar wani gida a Kano ko Legas da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma garinmu, alhamdu lillahi, babu 'yan bindiga. Ƙanena ba tsoro ne ya sa shi ba, gani ya yi wane ya yi. Yawancin masu yi a yankinmu haka ne. Kada mu fake da masifar da ta sami wasu mu halatta son banza.

Ba zan kuma yi muku ƙarya in ce duk wanda ya ci waken nan zai faɗi ya mutu ba. Ba haka ba ne, kuma masu irin wannan zuzutawa su ne suke sa a daina sauraron gaskiya. Matsalar ita ce babu mai aunawa. Ba mu san nawa aka zuba ba, ba mu san wane iri ba ne, ba mu san kwana nawa aka jira ba. Kuma wannan waken bai gama shan magani ba. An yi masa na ƙwari yana fure, an yi masa na ƙonawa, in ya je hannun ɗan kasuwa a zuba masa fiya-fiya ko a jefa masa ƙwayar bom don kada ya yi ƙwari. Ku tuna bidiyon da ya karaɗe ƙasar nan a 2018, ana yayyafa Sniper a kan wake. Ƙwaya ɗaya, guba hawa uku, sannan a jiƙa a markaɗa a yi wa yara ƙosai su tafi makaranta.

Duniya ma ta riga ta ba mu amsa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar tana bi mata. Amma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu, saboda sinadarin DDVP, wato na cikin fiya-fiya, da suka riƙa samu a ciki. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ne a kowane kilo, suka riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6. A 2016 aka ƙara wa haramcin shekara uku, daga baya aka sake tsawaita shi. Waken da Bature ya ce ba zai ci ba, ina kuke tsammani ya tafi? Mu muka cinye. Maimakon mu gyara wancan, sai ga shi muna ƙaro sabon sinadari tun daga gona.

Kuma wannan gaggawar ba a wake kaɗai ta tsaya ba. Masara ma haka. Kowa ya san alamar masarar da ta ƙosa: ɓawo ya bushe, goyon ya sunkuya, in ka ɓare ƙwaya ka ga baƙin ɗigo a gindinta. Ko a lokacin ma da sauran laima sosai a jikinta, sai an shanya ta sauka wajen kashi 13 cikin 100 kafin ta shiga buhu. Yanzu ana karya ta, a kai inji, a ɗura a buhu da ɗuminta, a ɗinke, saboda laima nauyi ce, nauyi kuma kuɗi ne. Bayan sati biyu ka buɗe ka ji wari, ka ga fumfuna. Wannan fumfunar ce take haifar da gubar afulatoksin a masara da gyaɗa, wadda dahuwa ba ta kashe ta, take cin hanta, take hana yara girma. A Kenya a 2004 masara mai wannan guba ta kashe mutum 125. Ba labarin ƙanzon kurege ba ne.

Malamai suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji laima a ƙasa, ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwa ne ya taɓa shi, sai ya yi masa faɗa a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nesanta mai algus daga al'ummarsa. Wannan fa ruwan sama ne, ba shi ya zuba ba, ɓoyewa kawai ya yi. To ina ga wanda ya zuba guba da hannunsa, ya san ba zai ba dabbarsa ba, ya kai kasuwa ya yi shiru?

Shinkafa ita ma tana da nata. A Kura da Haɗeja da sassan Kebbi injin girbi ya fara yawa, kuma ni ina murna da hakan, ba ni da rigima da inji ko kaɗan. Amma inji ɗaya ne, manoma ɗari, ranar da ya zo kowa so yake a shiga tasa ko ta nuna ko ba ta nuna ba. Ƙa'idar shinkafa sananniya ce: sai kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙwayoyin zangarniya sun zama ruwan ƙasa-ƙasa, sannan a shanya ta zuwa kashi 14. Ka yi sauri ka samu ƙaiƙayi da farar ƙwaya mai gari, ka yi jinkiri ta zube a ƙasa ko ta kakkarye a injin casa. Maganin wannan ba feshi ba ne, tsari ne. Manoman da suke fili ɗaya su shuka iri ɗaya a sati ɗaya, na gaba da su su bi bayan kwana goma, inji ya bi su layi-layi. Shawara ce kawai da haɗin kai, ko kwabo ba a kashewa.

To me za a yi da waken? Ba na son in yi ta ƙorafi in tafi.

Wanda ba ya son roro sau uku, akwai iri domin shi. Cibiyar IAR ta Samaru da IITA sun fitar da nau'o'in wake masu tsayuwa, masu nuna kusan lokaci guda, wasu cikin kwana 60 zuwa 70. Ku tambayi malamin gona a kan jerin SAMPEA, ku sayi iri mai takarda. Wannan shi ne noman zamanin gaskiya, ba gorar lemo ba.

A lissafa ranar shuka yadda nunarsa za ta faɗo bayan ɗaukewar ruwa. Iyayenmu da suke shuka wake a ƙarshen Yuli zuwa Agusta a tsakanin gero da dawa, lissafin da suke yi ke nan.

Wanda tsoron ɓarayi ko shanu ya matsa masa, in yawancin kwanso sun ƙosa, ya tuge ko ya yanke ya kai gida ya shanya a kan tamfol. Rana za ta ƙarasa aikin, harawarsa tana nan da korenta, babu guba. Aiki ne, na sani. Gayya ma da muka watsar, lokaci ya yi da za a dawo da ita.

Kafin a ɗura a buhu a gwada bushewa. Ciza ƙwaya, in ta fashe ƙaras ta bushe. Ko a samu busasshiyar kwalba, a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin, a rufe a girgiza a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a mayar shanya.

Wajen ajiya kuma ga buhun PICS mai hawa uku, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro musamman saboda wake. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne da kyau, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu da kansa. Jarka ko durom mai murfi mai kyau ma aikin da suke yi ke nan. Babu fiya-fiya, babu bom.

Sauran aikin na hukuma ne da namu. Dokar da aka yi a kan farakwat a bi ta har shagunan ƙauye da ranakun kasuwa, a kuma hana auna magani a gorar da ba ta da suna. Jihohi su ɗauki malaman gona, su ba su babur da mai, don a yanzu mai shagon magani shi ne malamin gona, shi ne likita, shi ne mai riba. Gidajen rediyo masu shirin noma su yi ta maimaita wannan magana a watan Satumba da Oktoba. Limamai su taɓo ta a huɗuba, ai hakkin rai ne. Manyan 'yan kasuwar Dawanau da masu saye da yawa su riƙa tambaya, su kuma bambanta farashi, don ranar da waken feshi ya fara faɗuwa a kasuwa, ranar za a daina.

Mu ma 'yan birni da laifinmu. Mu ne muke son wake fari tas, babu huda ko ɗaya, kuma a farashin banza. Waken da ko ƙwaro ya ƙi kusanta wata shida, ya kamata ka tsaya ka tambayi dalili.

Kafin in taho na zauna da Baffa na gaya masa abin da na gani. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi shekara fiye da hamsin yana noma, bai taɓa ganin abin da aka tilasta wa nuna ya yi albarka ba. Ya sa aka kira ƙanen nawa, ya ce masa waken nan ba za a cire iri a cikinsa ba, harawar kuma ba za ta je kasuwa ba. Ransa bai so ba, har yanzu ma gaisuwarmu a waya sama-sama ce. Na yi masa alkawarin ni zan saya masa iri mai nuna lokaci guda baɗi in Allah Ya kai mu, da buhunan ajiya. Gorar kuwa na sa an fitar da ita daga bukka, an kulle ta inda yara ba sa kaiwa.

Gona ɗaya ke nan a cikin dubbai. Waken kansa kuma, ba zan ɓoye muku ba, an riga an kwashe shi, kuma kasuwa zai je. Ban iya hana wannan ba. Wataƙila yana cikin kwanon da za a auno wa ɗayanku a watan gobe.

Duk wanda yake da ɗan'uwa a gona, ya ɗaga waya yau ya tambaye shi yadda zai girbe wakensa bana. Masana harkar noma da likitocin da ke cikin abokaina, in na yi kuskure a wani wuri ku gyara min a ƙasa, zan karɓa. Wanda kuma yake ganin feshin nan daidai ne, ya zo da hujja mu tattauna, amma ya fara amsa min tambaya ɗaya: a gidansa, wanne yake ware wa 'ya'yansa?

Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya kawo mana zaman lafiya a gonakinmu, Ya tsare mu da cin hakkin juna. Amin.